Yamai Tamu Ce, Ko Wa Ke Kan Kujera

Ƴan'uwana mutanen Yamai, maza da mata! Ku ɗan ajiye kofin shayi. Ku rage muryar rediyo. Magana gare ni, kuma ba mai jira ba ce.

Ku fito ƙofar gida. Ku leƙa kwatar da ke gabanku. Ku leƙa da kyau, kada ku kau da kai. Me ke ciki? Leda baƙa da fara. Yashi. Robar ruwa, tsumma, ƙwallon mangwaro, takalmin yaro ƙafa ɗaya, da ruwan wanki da ya kwana ya yi kore har sauro ya kafa gari a kansa. To ku tambayi kwatar nan: magajin gari nawa ta gani?

Mu ƙirga tare.

A shekarar 2011 muka fita muka zaɓi kansiloli 45. Su kuma suka zauna suka zaɓi Umaru Mumuni Dogari, ɗan jam'iyyar Lumana ta marigayi Hama Amadu. Shi ne magajin gari na farko a sabon tsarin da ya mai da Yamai birni ɗaya mai gundumomi biyar, huɗu a wannan gaɓar kogi, ta biyar a ƙetare, can Harobanda. A lokacin Lumana da jam'iyyar Tarayya ta Shugaba Mahamadu Isufu akushi ɗaya suke ci. Aka yi guɗa, aka yi kiɗa, aka ce gyara ya zo.

A watan Agustan 2013 akushin ya fashe. Hama Amadu ya raba gari da Shugaba Mahamadu Isufu. Ba a cika wata biyu ba majalisar ministoci ta zauna ta tuɓe Dogari. Gwamnati ta ce matsalar gudanarwa ce. Magoya bayansa suka ce siyasa ce tsagwaronta. Har yau kowa yana riƙe da tasa maganar.

Kansiloli suka sake zama, suka zaɓi Asan Saidu. A watan Yulin 2017 shi ma aka tuɓe shi, kuma abin da ke bakin kowa a lokacin shi ne shara ta cinye birni. Ba a jima ba aka rushe majalisar ɗungurungum, aka kawo Muktar Mamudu, mutumin shirin ƙawata birni na Niamey Nyala, ya riƙe birnin ba tare da ƙuri'ar kowa ba. Zaɓen da ya kamata a yi tun 2016 aka yi ta ɗaga shi, yau gobe, yau gobe, sai ranar 13 ga Disamba 2020. Lumana ta zo kan gaba a Yamai. A watan Afrilun 2021 Dogari ya koma kujerar da aka sauke shi daga kanta shekara bakwai da rabi baya. Aka sake guɗa, aka sake kiɗa.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A watan Afrilun 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya rushe majalisun birane da na gundumomi a faɗin ƙasa, aka naɗa kantomomi. Yamai ta sami Kanar Bubakar Sumana Garanke. Dogari ya sake sauka.

Mutum huɗu ke nan, hawa biyar, cikin shekara 13, in ba a sa masu riƙon ƙwarya a lissafi ba. Ku kuma lura da abu ɗaya. Sau uku kansilolin da muka zaɓa suna ɗora magajin gari, sau uku ana sauke shi da takarda. Ko sau ɗaya ba akwatin zaɓe ne ya sauke shi ba. Ranar hawa ana nemanmu, a kawo mana hula da zane, a cika mana kunne da alkawari. Ranar sauka kuwa a rediyo muke ji, kamar labarin wata ƙasa.

Ban zo wanke Dogari ba, ban kuma zo shafa masa kashin kaji ba. Masu son sa suna da hujjarsu, masu ƙin sa suna da tasu. Amma zan faɗi abin da labarinsa ya nuna mini game da mu. Mutumin da aka sauke a 2013, bayan shekara bakwai mutanen birnin nan ba su manta da shi ba, suka fito suka mai da shi. Ashe muna da riƙo! Ashe ba mu da mantuwa! To in za mu iya riƙe sunan mutum shekara bakwai, me ya hana mu riƙe alkawarin gyaran titi wata bakwai? In za mu iya tsayuwa a rana tun safe har la'asar domin ɗan takara, me ya hana mu tsaya awa biyu domin kwatar ƙofar gidanmu?

Nan ciwon yake, ƴan'uwa. Mun ɗaure birninmu a ƙafar kujera. In namu ne a sama, sai mu yi shiru ko da bola ta kai rufin masallaci, kada a ce mun tona masa asiri. In ba namu ba ne, sai mu naɗe hannu, mu ce bari ya ji kunya. Shi kuwa sauro bai taɓa tambayar yaro katin jam'iyyar ubansa ba. Ruwan da ya shiga Lamorde bai ware gidan ɗan Lumana daga na ɗan Tarayya ba. Yanzu ma jam'iyyun an rushe su tun watan Maris 2025, zaɓe kuma ba kusa yake ba. Wa muke jira? Me muke jira? Damina dai ba ta ɗaga ranarta.

Mu koma kan shara, tunda ita ta ci kujerar wani. An tuɓe magajin gari a 2017 saboda ƙazanta. Madalla. Washegari sharar ta tashi ta bi shi gida? Tana nan inda muka bar ta. Wa ya zuba ta? Asan Saidu ne ya zo da dare ya juye kwandon shararsa a kwatar Bukoki? Dogari ne ke jefa ledar ruwa ta tagar motar faba-faba? Mu ne. Ni da ku. Mu ne muke ba yaro kwando mu ce je ka zubar, ba mu tambaye shi ina ya zubar ba. Mu ne in hadari ya haɗo muke murna, mu fito da sharar mako guda mu tura cikin ruwa, wai ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Gidan maƙwabcinka na gangare. Daga can ta toshe bakin gada, ruwa ya rasa hanya, ya juyo ya shigo ɗakinka. Abin da ka tura da hantsi ya dawo maka da tsakar dare.

Tun watan Nuwamban 2014 doka ta hana shigo da ledar nan maras kauri da sayar da ita a ƙasar nan. Ku je Katako ku gani. Ku je Wadata. Ku sayi tumatir na dala ashirin a ba ku leda, ku sayi albasa a ƙara wata, ku sayi barkono a ƙara ta uku. Iska ta kwashe su ta rataya a kan itatuwa kamar tutoci. Tunkiya ta haɗiye, ta yi ta ramewa, mai ita ya ce maita ce. Hukuma ta yi sakaci da dokarta, wannan gaskiya ne, kuma za mu faɗa mata. Amma hannun da ke karɓar ledar naka ne. Uwa, ki ɗauki kwandonki in za ki cefane, yadda kakarki ta yi. Ɗan'uwa, in mai tebur ya miƙo leda ta biyu, ka ce a bar ta. Ku haɗa kai gida goma, gida ashirin, ku yi yarjejeniya da mai amalanken kwasar shara, ku biya shi a kan lokaci, ku kuma bi sawunsa ku ga inda yake juyewa. In a bayan makaranta yake juyewa, ku sauya shi. Kada ku ƙona leda a ƙofar gida, hayaƙin nan ƙirjin ƴaƴanku yake shiga.

Sai maganar ruwa, kuma nan zan ɗan daɗe, domin nan rayuka suke.

Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara. Akwai ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratso Mali a hankali, ya iso mana cikin sanyin hunturu. Wannan baƙo ne mai sallama, ana ganin zuwansa tun daga nesa. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suke kwararo wa kogi daga ɓangaren Burkina. Wannan ba ya sallama. An sare itatuwan daji, ƙasa ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, saboda haka abin da sama ta zubar sai ya gangaro gaba ɗaya, ɗauke da laka da yashi. Yashin ya kwanta a cikin kogi, cikin kogi ya cike, ruwa ya nemi hanya ta cikin unguwanni.

Mun gani a 2012. Mun sake gani a Satumbar 2020, lokacin da ma'aunin kogi ya kai mita 7, alhali tun daga mita 6 da santimita 20 ake kaɗa ƙararrawar haɗari mafi girma. Gingar da ke tare kogi ta ɓalle. Lamorde, Karaje, Kirkisoy, Saga, mutane suna fita da tabarma a ka da jariri a baya, ruwa har ƙirji. Gidajen ƙasa suka narke kamar sukari. Iyalai suka koma kwana a azuzuwan makaranta, daga can zuwa tantuna. A daminar 2024 kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin nan, motocin kaya suka yi cirko-cirko, har komawar yara makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. A 2012 Dogari ne a kujera. A 2020 Muktar Mamudu. A 2024 kantoma. Ruwa bai duba sunan kowa ba.

Gina ginga aikin gwamnati ne, ba mu da kuɗinsa. Yashe kogi ma haka. Amma tsaron ginga fa? Wanda ya zo da amalanke yana ɗibar ƙasa a jikinta don ya buga tubali, a gabanmu yake yi. Wanda ya fasa ta don ya ja ruwa zuwa lambunsa, mun san shi, mun san gidansa. Ku hana shi. Ku yi masa magana da girma da arziki, in ya ƙi ku kai wa mai unguwa. In kun ga tsagewa, ko ramin da ruwa ya fara ci, kada ku ce wani zai faɗa. Ku ɗauki hoto da waya, ku kai rahoto ranar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ruwan sama da ke sauka a cikin birni kuwa, hanyarsa ta hannunmu take. Kwarin Gunti Yena tun kafin a haife mu shi ke ɗaukar ruwan tsakiyar birni ya kai kogi. Ku duba abin da muka mai da shi. Kowace kwata a Zango, a Lazare, a Talaje, a Banifandu, ƙaramar jijiya ce. In ta toshe a ƙofar gidanka, ta toshe wa layi duka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yasar kwata aikin Afrilu da Mayu ne, tun ƙasa tana bushe, tun kafin hadarin farko. Ku yashe. Ku kwashe abin da kuka fitar, kada ku tara shi a baki, ruwan farko ya mai da shi ciki, wahala ta tashi a banza. Ku sa safar hannu da takalmin roba. Kada ku tura yara ciki, akwai fasassun kwalabe.

Akwai kuma maganar da ba a son a yi da ƙarfi, maganar fili. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 1 a Yamai, kuma tun daga ranar ba mu ragu ba. Kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa, ba laifi ba ne. Amma ku dubi ɗamarar itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1965 don ta tare mana ƙura da iska. Iyayenmu suka dasa, mu muka yanka ta filoti-filoti. Filin da aka ware wa makaranta, a wayi gari an zuba tubali. Filin ƙwallon yara, a wayi gari an kewaye. Hanyar ruwa, a wayi gari an sayar. Muna cewa manya ne, muna cewa dillalai ne. To wa ke saye? Ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai kasuwa.

Ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗin guminka, je ka ga filin da damina, kada ka tsaya ga ganin rani. Tambayi tsofaffin wurin, nan ruwa yana kwanciya? Kai takardar ofishin filaye a duba maka ita, ka tabbata ba mutum uku aka sayar wa ba. In an ce maka araha ce, yi sauri kada wani ya riga ka, to ja da baya. Ku kuma mutanen unguwa, ku san filayen jama'a na unguwarku ɗaya bayan ɗaya. Ku rubuta su. Ku dasa itatuwa a kan iyakarsu. Ranar da kuka ga motar yashi ta juye a filin makaranta, ranar za ku tambayi takarda, kada ku bari sai gini ya kai linta.

Na ambaci makaranta, dole in tsaya. Ranar 13 ga Afrilu 2021, makonni biyu kafin Dogari ya koma kujera, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a unguwar Pays-Bas. Yara kimanin 20 suka rasu, mafi yawansu ƙanana ƴan rainon makaranta. A watan Nuwamba na shekarar aka sake irinta a Maraɗi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Mun yi kuka. Mun ce ba za a sake ba. Yau kai da kake karanta wannan, yaushe rabonka da shiga makarantar ɗanka? Ajinsa na siminti ne ko na zana? Ƙofa nawa gare shi? Mai tuyar ƙosai tana nesa da zanar ko a jikinta take? Akwai ko tulun ruwa a kusa? Je ka gani gobe. Shiga ƙungiyar iyayen yara, ka daina aika uzuri ranar taro. Ku ƙirga azuzuwan zana na unguwarku, ku rubuta adadin, ku kai wa hukumar gunduma, ku ajiye kwafi. In an gina ɗaya ku yi godiya, ku goge shi a lissafi, ku koma da sauran.

Yanzu kuɗi. Ƴan kasuwa, ku matso kusa. Kullum mai tikiti yana zagayawa a Babbar Kasuwa, a Katako, a tasha, a bakin titi. Kuna biya. Mai taksi yana biya, mai shago yana biya, mai tallan doya yana biya. Kuɗin nan su ne kuɗin kwasar shara, su ne kuɗin fitilar titi, su ne kuɗin yasar manyan magudanai. Ku biya, amma ku karɓi tikiti. Kullum. Wanda ya ce kawo rabi a bar maganar takarda, ku sani rabin nan aljihu zai shiga, kwata kuma ta zauna a toshe. Kun ga kamar kun ci riba, alhali kun sayar da bakinku ne da araha. Mai tikiti a hannu shi ke da ƙarfin tsayawa ya ce na biya, ina aikin? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ku adana tikitocinku a gwangwani. Ranar da shugabannin kasuwa za su je ganin hukuma, su tafi da su.

Mu kuma faɗa wa kanmu wata gaskiya mai ɗaci. Lokacin da muke da zaɓaɓɓiyar majalisa, doka ta ce zamanta a buɗe yake ga jama'a. Mu nawa muka taɓa zuwa muka zauna muka saurari yadda ake kasafta kuɗinmu? Mu nawa muka san sunan kansilan da ya fito daga unguwarmu? Ƙofa tana buɗe ba mu shiga ba, sai da aka rufe muka fara cewa an hana mu. To ko yau akwai ƙofar da ba ta rufu ba. Mai unguwa yana nan. Ofishin gunduma yana nan. Kantoma, soja ne ko farar hula, an ɗora shi ne don ya yi wa birni aiki, kuma ba ya ganin abin da ke bayan gidanka sai ka nuna masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku je, amma ku je da shiri. Kada mutum ɗaya ya tafi yana kumfar baki. Ku tafi ku biyar, da dattijo, da mace, da matashi. Ku rubuta buƙatarku a takarda ɗaya, buƙata ɗaya tak, wadda ta fi ƙona ku. Ku sa kwanan wata. Ku nemi a buga muku hatimi a kwafinku. Ku fara da faɗin abin da kuka yi da hannunku: mun yashe kwata daga masallaci zuwa bakin titi, ga tarin nan, muna neman mota ta kwashe. Wanda ya zo da rabin aiki a gama ya fi wanda ya zo da ƙorafi zalla samun kunne. In an ce ku dawo, ku dawo. In an sake cewa ku dawo, ku sake dawowa. Da ladabi, ba zagi, ba jifa, amma ba gajiya. In an sauya mai kujera, ku ɗauki takardar nan mai hatimi ku kai wa sabon, ku ce ga inda muka tsaya da na gabanka.

Kowace unguwa ta sayi littafi ɗaya, irin na ƴan makaranta. A rubuta alkawarin da aka yi, da wanda ya yi shi, da ranar. A rubuta abin da aka cika. A ajiye shi wurin mai amana. Kujera ta sauya hannu sau biyar, kowane sabon hawa sai a fara labari daga farko kamar ba a taɓa yin jiya ba. Littafin nan shi zai hana a mai da mu baya.

Matasan fada, da ku nake yanzu. Kuna da ƙarfi, kuna da yawa, kuna da waya a hannu. Kun san kowane lungu, kun san wanda ke zubar da shara da dare. Ku tambayi iyayenku zamanin samariya, lokacin Seyni Kunce, yadda matasan unguwa suke fitowa gayya su share titi, su gina aji. Abin yana da nasa aibin, amma hannuwan da suka yi aikin irin naku ne. Tsakanin shayi na farko da na uku awa nawa ne? Ku ba unguwa awa biyu a mako. Fada ta ɗauki layi ɗaya ta ce wannan nawa ne. Ku yi gasa da fadar gaba, a ga layin wa ya fi tsafta. Ku ɗauki hoton kafin da na bayan, ku watsa, ku ba sauran unguwanni kunya mai amfani.

Iyaye mata, ku ne kuke kwana a zaune in zazzaɓi ya kama yaro. Ku ne kuke kwalfar ruwa da ƙwarya in ya shigo ɗaki. Kuna da adashi, kuna da ƙungiyoyin biki da suna, babu wanda ya kai ku iya tara kuɗi da riƙe amana. Ku ware ɗan wani abu a kowane zubi don shebur da manjagara da baro. Ku sa baki a taron unguwa, kada ku tsaya a bayan zaure. In an haihu, ku matsa wa maigida ya je a yi wa jariri takardar haihuwa cikin wa'adi. Yaron da ba a rubuta ba, ba a lissafa shi ranar da ake tsara aji da asibiti.

Malamai da limamai, ku ba kwata minti biyar a huɗuba. Ku faɗa wa mutane haƙƙin maƙwabci ya haɗa da inda ruwan wankinka yake bi. Shugabannin coci, ku ma haka ranar Lahadi. Masu hali na Plato da Kwara Kano, ruwa ba ya shiga gidajenku, mun sani, amma mai gadinku da mai aikinku da direbanku daga gangare suke zuwa. Ku ba da hayar mota ɗaya ta kwashe tarin da matasa suka fitar. Bazabarme da Bahaushe, Bafulatani da Buzu, Babarbare da Bagurme, wanda aka haifa a Gamkalle da wanda ya sauka a tasha bara, warin kwata ɗaya muke sha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku tashi! Kada ku jira sanarwa a rediyo. Kada ku jira a naɗa kwamiti. Kada ku jira a ce wane ya dawo ko wane ya sauka. Yau da dare ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka na dama. Gobe na hagu. Ku sa rana. Ku gaya wa mai unguwa. Ku aro shebur wurin magina, ku aro baro wurin mai bulo. Mata su tanadi kunu da ruwan sha. Dattawa su fito da kujerunsu su zauna a inuwa, ganin idonsu kaɗai ya isa ya hana matashi zamewa.

Asabar ɗin nan, bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi zafi ba. Mu fara daga bakin masallaci mu gangara. Ni dai shebur ɗina yana jingine a bayan ƙyaure, wanda ya riga ni fitowa ya buga mini ƙofa.